An ce min .com.ng ne ya ɓoye shafina a Google, na zargi ƙanin mijina

Assalamu alaikum Malam. Ni matar aure ce, a Agege muke zaune. Ina sana'ar kilishi da dambun nama da yaji, tun ina sayarwa a unguwa har ta kai ina aikawa Ikeja da Lekki da Abuja. Bara na ce ina son shafin intanet nawa na kaina, don na gaji da dogaro da Instagram. Ƙanin maigidana, autansu, ya karanci kwamfuta, ya ce in bar masa aikin. Na ba shi kuɗi, ya buɗe min shafi mai ƙarewa da .com.ng, ni kuma na buga adireshin a jikin leda da sitika da kwali masu yawa. Yau wata takwas ke nan, in na rubuta kilishi a Google ba na ganin ko ƙeyar shafina. Wani mai gyaran shafuka a Computer Village, kasuwar waya da kwamfuta ta Ikeja, ya ce laifin .ng ne, wai Google na Amurka ne, .com kaɗai yake ɗagawa, kuma wai Auta mai araha ya saya min ya soke canjin. Ya ce in kawo naira dubu 300 ya mayar da ni .com, amma wani ya riga ya kama sunana a can, sai dai a ƙara wata kalma, ko in koma .shop, wanda ya ce ya ma fi don Google zai gane kanti ne. Raina ya ɓaci, na gaya wa Auta magana a gaban yayansa. Ya yi zuciya, ba ya ɗaukar wayata, kuma komai na shafin a hannunsa yake, ko kalmar sirri ban sani ba. Maigida ya ce kada in sa shi a tsakiya. Ga kuma masu tambayata kaya daga Ingila da Saudiyya. Malam, in canza ne? Kuma da gaske an cuce ni?

Daga wata baiwar Allah, Agege

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ƙara wa sana'a albarka. Kafin mu shiga komai, ki riƙe dubu ɗari ukunki, kada ki tura wa kowa ko sisi.

Na fahimci abin da ke ci miki rai. Kuɗin nan da zafin wuta da hayaƙi kika tara su, kika buga adireshi a leda da kwali, kika zauna jiran oda shiru kamar an shuka dusa, sai ga wani ya zo ya nuna miki wanda za ki ɗora wa laifi. Kowa ya ji irin wannan magana ransa zai sosu. Sai dai abin da aka gaya miki a kan .ng ba haka yake ba, kuma a kan wannan maganar kika gina fushin da kika yi da Auta.

Kowace ƙasa tana da haruffanta biyu a intanet. Ghana tana da .gh, Nijar .ne, Ingila .uk, mu kuma .ng. Ƙungiyar NiRA ce ke kula da namu, an kafa ta a 2005, ofishinta ma a nan Legas yake, ta wajen Iponri. Google ya bayyana a cikin bayanan da yake wallafa wa masu shafuka cewa in adireshi ya ƙare da haruffan wata ƙasa, yana ɗaukar hakan a matsayin babbar alama cewa shafin don mutanen wannan ƙasar aka yi shi. Ke kuwa su wa kike nema? Ma'aikaciyar banki a Ikeja da ke kwaɗayin kilishi, da mai shirin biki a Lekki, da ɗan Arewa a Obalende da ya yi kewar dambun gida. Duk a Najeriya suke. A wurin waɗannan, .com.ng ba ya ja miki baya, in ma akwai abin da yake yi, turo ki gaba yake yi kaɗan. Ki duba manyan da kika sani. Jumia a nan ƙasar jumia.com.ng take, Jiji kuma jiji.ng, ga Legit.ng da ke da sashen Hausa. Konga tana kan .com. Dukkansu suna fitowa a Google, don haka ba wutsiyar adireshin, wato su .com da .ng, ce ke raba su ba. Tun 2017 ma Google ya daina la'akari da ko google.com mutum ya buɗe ko google.com.ng, inda wayarsa take yake dubawa ya ba shi sakamakon wurin.

Batun .shop ya fi wannan rauni. Irin waɗannan sababbin wutsiyoyi, su .shop da .online da .store, sun fito ne bayan hukumar ICANN mai kula da sunayen adireshin intanet a duniya ta buɗe ƙofar nemansu a 2012. Mutane suka yi ta zaton wanda ya sayi mai ɗauke da sunan sana'arsa zai haye sama, har Google ya fito a 2015 ya ce yadda yake ɗaukar .com da .org haka yake ɗaukarsu, kalmar da ke cikin wutsiyar ba ta ƙara wa shafi komai, ba ta rage masa. A 2012 ɗin kuma ya riga ya rage wa shafuka marasa abin kirki ƙarfin da suke samu don kawai sun cusa kalmar da ake nema a cikin adireshinsu. Saboda haka ko an ƙara miki "kilishi" da "Legas" a cikin suna, dogon adireshi kawai za ki samu, wanda kwastoma ba zai iya haddacewa ba. Sannan da yawa daga cikin sababbin nan shekarar farko ce ke da araha, ranar sabuntawa ake ganin ainihin farashi.

Ba zan ce .com ba shi da nasa amfanin ba. Tun 1985 yake, hannun mutane ya saba da shi, wani ko kin ce masa .com.ng sai ya tsaya a .com ya danna. Wannan abin dubawa ne a wurinki tunda kin ce wani ya riƙe sunanki a can. Ki buɗe ki ga me ke ciki. In fanko ne, ko wata sana'a ce daban a wata ƙasa, ki manta da shi. In kuwa mai sayar da abinci ne a nan Najeriya, to akwai kwastomomin da za su riƙa ɓacewa can, amma maganin wannan shi ne ki riƙa tura wa mutane adireshin su danna kawai, a WhatsApp da Instagram, ba ki tashi ki koma wani suna mai kama da nasa ba, wanda zai ƙara rikita su.

Masu tambaya daga waje kuma, .com.ng ba ya hana su ganinki. Wanda ke Landan ko Jidda ya rubuta sunan sana'arki zai same ki. Abin da zai yi miki wuya shi ne fitowa a can in an nemi kalma ta gama-gari, kuma ina ganin ba ta wannan hanyar suka san ki ba, ta bakin 'yan'uwa da hotunan Instagram ne. Ki kuma sani Ingila ba ta yarda a shigo mata da nama daga ƙasashe irin namu a jaka ko a saƙo ba, busasshe ne ko ɗanye, kwace shi ake yi. Kada ki rushe abin da kike da shi a Legas saboda kasuwar da kilishinki ba shi da izinin shiga.

To me ya hana ki fitowa? Na buɗe adireshin da kika aiko min a wayata. Shafin yana da kyau a ido, Auta ya iya zaɓen launi. Amma taken da ke saman shafin farko "Barka da zuwa" kawai ya ce. Sunayen kaya da farashinsu duk a cikin hotunan talla suke, irin waɗanda kike sawa a status, babu su a rubuce. Google rubutu yake karantawa ya gane me shafi ke sayarwa, kuma a naki na rasa inda aka rubuta kalmar kilishi a fili, balle Agege ko Legas. Hotunan kuma yadda waya ta ɗauke su aka ɗora, ba a rage musu nauyi ba, sai da na jira kafin hoton dambun ya gama saukowa daga sama zuwa ƙasa. Mai ƙaramar data da ke tsaye a layin BRT ba zai jira ba. In aka kwashe wannan shafin yadda yake aka kai shi .com, haka zai ci gaba da zama a ɓoye, an dai raba ki da kuɗinki ne kawai.

Gyaran ba na dubu ɗari uku ba ne. Kowane kaya ya samu shafinsa, kilishi daban, dambu daban, yaji daban, da take mai faɗin abin da ke ciki da inda kike. A ƙarƙashinsa ki rubuta abin da kike gaya wa kwastoma a waya kullum: naman me ne, mai yaji ne ko marar yaji, nauyin kowace leda, farashi, kwana nawa yake yi bai lalace ba, nawa ne kuɗin kaiwa Ikeja, nawa ne Ajah, ta yaya ake aikawa Abuja. Ki rubuta da Hausa da Turanci, domin da yawa daga cikin masu cin kilishi a garin nan Yarbawa ne da Inyamurai, kuma da Turanci suke bincike. Yajinki ma su barkonon suya suka san shi, to a sa sunan da suke kira. In kina da lambar NAFDAC ki sa ta inda ido zai gani. A rage nauyin hotuna. A tabbata adireshin yana farawa da https, don Google yana la'akari da wannan tun 2014, kuma in babu shi waya kan gargaɗi mutum cewa shafin ba amintacce ba ne.

Akwai abubuwa biyu na kyauta da nake so ki yi da hannunki. Na farko, ki shiga Google ki rubuta site: sannan ki biyo shi da adireshinki ba tare da tazara ba. In shafukanki sun fito, Google ya san da ke, saura ki ba shi dalilin ɗaga ki. In babu abin da ya fito, ko dai ba a gabatar masa da shafin ba, ko an manta an bar wani maɓalli da ke hana shi shiga, abin da kan faru da masu gina shafi in sun gama aiki. Ana duba wannan a Google Search Console, wurin da Google ke nuna wa mai shafi yadda yake ganin shafinsa. Na biyu, ki buɗe Google Business Profile, wanda ke sa sana'a ta fito a taswira da lambar waya da lokutan aiki. Ga mai sana'a irin taki wannan ya fi wutsiyar adireshi tasiri nesa ba kusa ba, domin a nan Google yana duba dacewar kayanki da abin da aka nema, da kusancinki da mai nema, da irin shaidar da mutane suka ba ki. Tunda a gida kike aiki, akwai zaɓin ɓoye adireshin gida ki nuna unguwannin da kike kai kaya kawai, kuma shi nake ba ki shawara. Duk kwastoman da ya yaba miki a WhatsApp, ki roƙe shi ya rubuta yabon a can. Kuma ki daina auna kanki da kalmar kilishi ita kaɗai, a nan da jaridu da masu koyar da girki kike kokawa. Ki auna da "kilishi Agege" ko "dambun nama Legas", a wayar maƙwabciya ba taki ba, ki ba abin wata biyu zuwa uku bayan gyara.

Yanzu ga abin da ya fi damuna a wasiƙarki, wanda kika ambata a gurguje kika wuce. Kin ce komai a hannun Auta yake. Adireshin intanet ba a sayensa a mallaka har abada, haya ake biya, galibi shekara-shekara. Kin ci wata takwas, ke nan in na shekara ɗaya aka biya saura wata huɗu. Saƙon tunatarwa imel ɗin wanda ya yi rajista zai je, wato wanda ba ya ɗaukar wayarki. In ranar ta wuce ba a biya ba shafin zai mutu, a ba da ɗan wa'adi, daga nan kuɗin karɓo shi ya ƙaru, a ƙarshe a sake shi ga duk wanda ya riga kamawa, alhali sunan yana jikin ledojinki a gidajen mutane. Ki shiga shafin NiRA, akwai wurin bincike da ake kira WHOIS, ki sa adireshinki, zai nuna miki kamfanin da aka yi rajistar ta hannunsa da ranar ƙarewa. Ki rubuta ranar a inda ba za ki manta ba.

Shin Auta ya cuce ki? Daga abin da kika rubuta ban ga hujja ba. Gaskiya ne .com.ng ya fi .com araha, amma arahar tana da dalili. Kamfanin Verisign na Amurka ne ke riƙe da .com, da dala yake karɓar kuɗinsa, a Satumban 2024 ya mayar da shi dala 10.26 kan kowane adireshi, kafin dillali ya ɗora ribarsa. Kin kuma san abin da dala ta yi mana, kafin Yunin 2023 ba ta kai naira 500 ba a farashin gwamnati, a 2024 ta haura 1,500. Shi kuwa namu da naira ake biya. Yaron da ya ga sunanki a .com a hannun wani, ya zaɓa miki na gida wanda kuɗinsa ba ya bin dala, zaɓin hankali ya yi. Kuma kuɗin adireshi ƙaramin kaso ne a aikin, akwai kuɗin masaukin da ke ajiye shafin, akwai data, akwai dararen da ya raba yana ginawa. Ko an biya shi ladan wannan? Ba ki faɗa ba. Inda ya gaza shi ne bai zauna ya yi miki lissafi ba, bai damƙa miki kalmar sirri ba, bai kuma gama aikin da zai sa Google ya gane shafin ba. Wannan sakaci ne na mai koyo, kuma kina da haƙƙin tambayar rasit. Amma tambayar rasit daban, kiran mutum maci amana a gaban yayansa daban. Ke kin san matsayin ƙanin miji, abokin wasa ne, shi ya sa in magana mai zafi ta fito daga bakin matar yaya takan yi ciwo fiye da ta kowa.

Ni dai da ni ne ke, ni zan fara sauke kai. Tunda ba ya ɗaukar waya, ki tura masa saƙon murya gajere, ki ce kin yi bincike kin gano .com.ng ba shi da laifi, kin yi masa magana a kan zancen wani ba tare da kin ji daga bakinsa ba, ya yi haƙuri. Kada ki haɗa da maganar kalmar sirri a wannan saƙon, zai ɗauka don ita kika ba da haƙurin. Ki bar kwana biyu, ki aika masa da ledar kilishi, ki gayyace shi cin abinci ranar Juma'a. In ya zo, a sannan za ki ce kina son a mayar da rajistar adireshin da masaukin zuwa sunanki da imel ɗinki da lambarki, saboda halin rayuwa, yau yana Legas gobe aiki ko bautar ƙasa ya kai shi wani gari. Ku zauna tare a yi a gabanki, ki shiga da kanki ki ga ya buɗe, ki biya na shekara biyu ko uku gaba in da hali. Sannan ki ba shi gyare-gyaren nan a matsayin aiki, ku yanka farashi, ki biya shi kamar yadda za ki biya bare. Abin da za ki ba shi ba zai kai rabin abin da aka nema a Computer Village ba.

Maigida kuma ki yi masa uzuri, tsakanin mata da ƙani ba wurin tsayuwa ba ne mai daɗi. Kada ki nemi ya yanke hukunci. Abu ɗaya za ki roƙe shi, ya gaya wa Auta cewa kin gane kin yi gaggawa, ya kuma kira shi gida. Tunda a gabansa aka yi faɗan, ya kamata a gabansa a shirya. Ki yi ƙoƙari maganar ta mutu kafin ta kai kunnen surukarki.

Shi mutumin Computer Village ba sai kin yi faɗa da shi ba, wataƙila shi ma haka ya ji ya riƙe, wataƙila kuma ciniki yake nema. Amma ki lura, ya ɓata miki ɗan'uwa kafin ya nuna miki hujja ko ɗaya. Duk wanda zai taɓa miki shafi nan gaba, ki tambaye shi me zai canza a ciki, da sunan wa za a yi rajista, kuma da me za ku auna ci gaba. Wanda ya yi miki alkawarin matsayi na ɗaya ki tashi ki ba shi wuri, Google da kansa ya ce babu mai iya ba da wannan tabbacin. In wata rana sana'a ta bunƙasa har kina fitar da kayan da doka ta yarda zuwa waje, kika ga kina son .com, kina iya sayensa ki sa ya riƙa tura mutane shafinki na yanzu, ba sai kin tashi ba. In kuma tashin ya zama dole, ana sa wa kowane tsohon shafi turawa ta dindindin mai lamba 301 zuwa sabon takwaransa, a sanar a Search Console, a ci gaba da biyan tsohon adireshin, a bar turawar aƙalla shekara guda, kuma duk da haka sai an ɗan ga tangarɗa na wasu makonni.

Idan kin yi duk abin da ya kamata Auta ya ƙi saukowa, kada ki jira ranar ƙarewa ta matso. Ki tattara shaidar kuɗin da kika tura masa da takardar rajistar sana'arki ta CAC in kina da ita, ki tuntuɓi kamfanin da WHOIS ya nuna miki ki ji abin da suke buƙata, ko da yake su da mai sunan da ke kan rajista suke mu'amala, don haka sai kin haɗa da wani babba a dangi da Auta ke jin nauyinsa. Kafin nan, ki duba ko sunanki mai .ng kai tsaye yana nan ba a kama ba. Ya fi .com.ng tsada, amma in kina da kuɗin ki yi masa rajista a makon nan da imel ɗinki, ta hannun ɗaya daga cikin kamfanonin da NiRA ta jera a shafinta.